Wa zai biya kuɗin titi da kwata a sababbin unguwannin gefen birni?

Duk mai bin hanyar Gwarzo ko ta Madobi ko ta Gezawa ya san yadda gona ke komawa filaye. Bana dawa da gero, baɗi turaku da duwatsun shaida, shekara ta zagayo an fara ɗora bulo. Ƙauyukan Kumbotso da Ungogo tuni birni ya haɗiye su, yanzu kuma ya taddo Dawakin Kudu da Tofa da Dawakin Tofa da Gezawa har ƙofar gida. Gefen Dutse ma haka yake tafiya, a hankali, tun da ta zama babban birnin Jigawa a 1991.

Bulo dai yana zuwa da sauri. Titi da kwata da ruwa da wuta da filin makaranta su ne ba sa biyo shi. Mai gona ya sayar, dillali ya ja igiya ya yayyanka, kowa ya karɓi nasa ya kama gabansa. Sai bayan an tare, damina ta farko ta sauka, sannan a gane cewa ruwa ba shi da hanyar fita, kuma layin da aka bari ko motar yashi ba ta iya juyawa a cikinsa. Daga nan sai a kafa ƙungiyar ci gaban unguwa, a zauna a ƙofar gidan mai unguwa, a yanka wa kowane gida abin da zai kawo: na kwalbati daban, na taransfoma daban, na 'yan sintiri wata-wata. Wanda ya biya ya biya, wanda ya ƙi sai dai a yi ta yi masa kallon banza a masallaci. Mai filin da ya killace ya tafi Abuja ko Fatakwal yana jiran ya yi tsada kuwa, ko sisi ba ya bayarwa, alhali duk kwalbatin da aka zuba darajar filinsa yake ƙarawa.

Wannan karo-karo haraji ne, ko da ba a kira shi da sunan ba. Haraji ne na yanki guda, don aikin yankin, daga aljihun mazauna yankin. Illarsa ita ce yana zuwa a makare, ba shi da doka a bayansa, kuma ya tsallake mutanen da suka fi kowa cin ribar ƙasar. Akwai ƙasashen da suka mai da irin wannan tsari doka tun shekaru aru-aru, kuma har yau majalisun biranensu na ta yi wa ƙa'idojinsa kwaskwarima. Abin da suke gyarawa ya fi tsarin kansa amfani a gare mu.

A Amurka abin ya fi yawa. Kamfani ya sayi fili a bayan gari zai gina rukunin gidaje. Majalisar birni ta ce ba za ta ɗauki kuɗin tsofaffin mazauna ta shimfiɗa wa sababbi bututun ruwa da titi ba. Sai a shata filin a mai da shi yankin haraji na musamman, wato wata 'yar ƙaramar hukuma mai kwamitinta, wadda doka ta ba ikon cin bashi ta hanyar sayar da takardun lamuni. Da kuɗin bashin ake yin titi da magudana da ruwa kafin kowa ya tare. Sannan duk wanda ya sayi gida a cikin yankin zai riƙa biyan ƙarin haraji a kan gidansa kowace shekara, bayan wanda sauran mutanen gari ke biya, har bashin ya ƙare.

A Kalifoniya tushen abin shi ne ƙuri'ar da jama'a suka kaɗa a 1978, wadda ta taƙaita harajin gidaje zuwa kashi 1 cikin 100 na ƙimar gida. Kuɗin birane ya ragu, sai a 1982 majalisar jihar ta yi dokar da ake kira Mello-Roos, da sunan 'yan majalisa biyu da suka kawo ta, Henry Mello da Mike Roos. Dokar ta ce sai kashi biyu cikin uku na masu ƙuri'a sun amince kafin a ɗora harajin. Amma idan masu rajistar zaɓe a wurin ba su kai 12 ba, masu filin ne za su kaɗa ƙuri'ar, gwargwadon yawan ekarsu. To filin da ba a gina ba wa ke zaune a cikinsa? Ke nan kamfanin ne zai kaɗa wa kansa ƙuri'a, ya ɗora bashi a kan mutanen da ba su ma san za su sayi gida a wurin ba tukuna. Fulorida ta yi tata dokar a 1980, Kolorado ta sake fasalin tata a 1981, Tekzas kuma tana da ɗaruruwan irin waɗannan yankuna, akasarinsu a kewayen birnin Hustan.

Muddin gidaje na sayuwa, tsarin na tafiya lafiya lau. Ranar da kasuwa ta faɗi ake ganin aibinsa. A shekarun 1980, da farashin mai ya karye, yankuna da dama a kewayen Hustan sun kasa biyan bashi. A Kolorado a ƙarshen waɗannan shekarun an samu wuraren da aka ci bashi da lissafin dubban gidaje, aka gina 'yan kaɗan, nauyin duka ya faɗa kan iyalan da suka riga suka tare, domin a lokacin babu iyaka ga yadda za a iya ɗaga harajin. Bayan rikicin kasuwar gidaje na 2008, yankuna fiye da 100 a Fulorida sun gaza biyan masu takardun lamuni.

Shi ya sa idan ka ji majalisar wani birni a can na sabunta manufarta kan waɗannan yankuna, kusan kullum batutuwan ba sa wuce 'yan kaɗan. Ana sa wa harajin rufi, yadda komai rintsi ba zai haura wani adadi ba. Birane da yawa a Kolorado sun tsayar da na biyan bashi a kusan dala 50 kan kowace dala 1,000 ta ƙimar da hukumar haraji ke lissafi da ita, wadda ba ta kai farashin gidan a kasuwa ko kusa ba. Idan an kai rufin kuma kuɗi bai isa ba, mai ba da bashi ne zai yi haƙuri, ba mai gida ba. Ana kuma sa wa'adi, sau da yawa shekara 40. Ana tilasta wa mai sayarwa ya sanar da mai saye a rubuce, kafin ciniki ya faɗa, cewa gidan nan akwai ƙarin haraji a kansa. Sai batun lokacin da kwamiti zai fita daga hannun kamfani ya koma hannun mazauna. A Fulorida, misali, doka ta ce ana fara miƙa kujerun ne bayan shekara 6, idan masu zaɓe a yankin sun kai 250. A 2023 majalisar jihar Kolorado ta ƙara ɗaure abin, ta ce dole takardar kafa sabon yanki ta faɗi iyakar haraji da iyakar bashi tun daga farko. Wasu biranen sun ƙara da cewa ba za su ba da izini ba sai kamfani ya nuna wani amfani da gari zai samu fiye da abin da doka ta riga ta wajabta masa, kamar gidaje masu sauƙin kuɗi ko tanadin ruwa.

Tambayar ita ce ko irin wannan zai zauna a Danbare ko Tamburawa ko gefen Dutse. A ganina, ɓangaren bashin ba zai zauna ba, kuma lissafi kaɗai ya isa hujja.

A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100, hauhawar farashi kuma ta haura kashi 34. Mu ƙaddara sabuwar unguwa ce mai filaye 500, aka ciyo naira miliyan 100 a kan ruwan kashi 25, kuɗin da ko titin kwalta mai kirki ba zai gama ba. Ruwan kaɗai miliyan 25 ne a shekara, wato naira 50,000 a kan kowane fili, ba a taɓa uwar kuɗin ba. Wannan ma idan duk masu filayen suna biya ke nan. Mu kuwa mun san yadda unguwanninmu ke cika: mutum ya sayi fili ya yi shekara goma bai ɗora ko bulo ɗaya ba, domin fili ne asusun ajiyar Bakano, shi ne abin da naira ba ta cinyewa. Idan gida 100 ne kawai aka gina, su ne ake iya samu a ƙwanƙwasa wa ƙofa, kowanne zai tashi da naira 250,000 a shekara. Abin da ya faru a Kolorado sau ɗaya lokacin da kasuwa ta faɗi, a nan shi ne yanayin yau da kullum.

Ga kuma batun riba, wanda ba a tsallake shi a Kano ko Jigawa. Ranar da limami ya ji cewa kuɗin da ake karɓa gida-gida ruwan bashi ake biya da shi, magana ta ƙare. Akwai mafita ta sukuk, wato takardun lamuni irin na Musulunci da ba ruwa a cikinsu: jihar Osun ta fitar da nata a 2013 ta gina makarantu, gwamnatin tarayya kuma ta fara a 2017 da naira biliyan 100 don tituna, ciki har da sassan hanyar Kano zuwa Maiduguri. Sai dai sukuk aikin jiha ne ko tarayya. Kuɗin lauyoyi da masu tantancewa kaɗai sun fi ƙarfin unguwa guda.

Doka ma ta raba ikon gida biyu, kuma gefen birni a daidai tsakiya ya faɗa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Shi ke ayyana inda ya zama birni, shi ke ba da takardar mallaka a can. Inda ba birni ba, ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin mallaka na gargajiya. Tsarin mulki na 1999 ya sa aikin titunan cikin gari da magudanun ruwa da fitilun titi a wuyan ƙananan hukumomi, ya kuma ba su aikin ƙiyasta gidaje don karɓar harajin gida bisa abin da majalisar jiha ta tsara. Dokar 1998 da ta rarraba haraji tsakanin matakan gwamnati uku ita ma ta bar harajin gida ga ƙaramar hukuma. Amma tsara gari a Kano aikin KNUPDA ne, wato hukumar tsara birane ta jiha, rajistar filaye kuma ta jiha ce. Ke nan mai ba da izinin awo daban, mai alhakin kwata daban, mai karɓar kuɗin takarda daban. Yankin haraji na musamman ba zai tsayu ba sai majalisar dokokin jiha ta yi masa doka, ta faɗi ƙarara asusun da kuɗin zai shiga da wanda zai sa hannu a fitar. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ya ƙara wa wannan tambaya nauyi.

Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba: sashe na 36 na dokar 1978 ya hana yanka gonar karkara zuwa filaye. Awon igiya, a takarda, haramtacce ne. A ƙasa kuwa shi ne hanyar da talaka ke samun wurin zama, domin awon gwamnati ba ya isar mutane, kuma wanda ke fitowa ba kowa ke iya kaiwa gare shi ba. Rukunan gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo na Kano da aka gina tsakanin 2011 da 2015 sun nuna cewa ana iya shimfiɗa titi kafin a tare, amma da kuɗin jiha aka yi su, kuma duka ukun ɗigo ne idan aka kwatanta da abin da igiya ke yankawa a shekara.

Me ya sa layukan awon igiya ke da matsi? Ba mugunta ba ce, lissafi ne. Hekta guda murabba'in mita 10,000 ce. Fili mai ƙafa 50 a 100 kusan murabba'in mita 450 ne. In ba ka bar komai ba, filaye 22 za ka fitar. In ka ware kashi 30 cikin 100 don titi da kwata da makaranta, 15 za su rage. Bakwai ɗin nan da suka ɓace daga aljihun mai yanka za su fita, kuma babu wanda ya tilasta masa, maƙwabcinsa ma bai bari ba. To amma waɗannan bakwai ɗin su ne ainihin kuɗin titin unguwar. An riga an raba su tun ranar awo, shekaru kafin a zauna a ƙofar gidan mai unguwa ana neman dubu biyar-biyar.

A nan ne nake ganin ya kamata manufar ta tsaya: a karɓi kason jama'a a ranar awo, kuma a karɓe shi da ƙasa, tunda ita ce kowa ke da ita a lokacin. Ba sabon tunani ba ne. Birnin Frankfurt na Jamus ya samu doka a kan haka tun 1902, Japan ta gina manyan sassan biranenta da shi, jihar Gujarat ta Indiya kuma tana amfani da shi a gefen Ahmadabad ƙarƙashin dokarta ta 1976. Yadda ake yi shi ne a haɗa gonakin yanki guda a zana su a matsayin abu ɗaya. A cire titi da magudana da filin makaranta da asibiti, a ware wasu filaye na sayarwa don a biya kuɗin aikin, sauran a mayar wa masu gonaki gwargwadon abin da kowa ya kawo. Manomi ya karɓi ƙasa da abin da ya bayar a faɗi, amma abin da ya karɓa yana bakin titi, yana da takarda, ya kuma ninka darajar gonar. Ba bashi, ba ruwa, ba a jiran wanda ya tafi Abuja.

Kano ba baƙuwar rabin wannan tsari ba ce, domin an sha biyan manoma da filaye maimakon kuɗi idan gwamnati ta karɓi gona. Dalili a fili yake: diyyar da dokar 1978 ta tanada ta amfanin gona ce da itatuwa da gini, ita ƙasar ba a biyan kuɗinta, kuma ba manomin da zai yarda a biya shi kuɗin dawa da ɗorawa a kan gonar da za a sayar da miliyoyi. Rabin da ya ɓace shi ne ɗaure kason gwamnati da aikin wurin. Idan filayen da aka cire sun zama na rabo ga masu uwa a gindin murhu, ko kuɗinsu ya shige babban asusun jiha, to manomi ya yi asarar gona, mai saye kuma bai samu titi ba. Dole doka ta ce filayen da aka ware a yanki kaza a bainar jama'a za a yi gwanjonsu, kuɗin ya shiga asusun yankin, kuma ba za a taɓa shi ba sai don aikin da aka lissafa a taswira. Filin makaranta da maƙabarta da kududdufin da ruwa ke taruwa kuma a yi musu takarda da sunan abin da aka ware su dominsa tun ranar farko, don an ga yadda irinsu ke komawa shaguna da zarar unguwa ta yi daraja.

Wannan zai gina titi. Ba zai yashe kwata duk shekara ba, ba zai gyara famfon burtsatse ba. Don haka akwai gurbin ɗan ƙaramin haraji na shekara-shekara a cikin yankin, kuma a nan ne ƙa'idojin da biranen Amurka suka koya da wahala za su yi mana rana. A rubuta iyakarsa a doka. A ɗora shi a kan fili, ginanne ko fanko, don mai ajiye fili ya ɗauki nasa kason. A rubuta shi a jikin takardar ciniki, yadda mai unguwa ko dagaci ba zai sa hannu a matsayin shaida ba sai an karanta wa mai saye da Hausa. Kwamitin kuma, da zarar an tare a wani adadi na gidaje, ya koma hannun mazauna ta hanyar zaɓe, a riƙa karanta lissafin shiga da fita a gaban jama'a. Ƙungiyoyin unguwa sun daɗe suna yin haka da littafi da biro. Abin da ba su da shi shi ne ikon bin wanda ya ƙi biya.

Sai a yi hattara da mutum guda: manomin da shata ta zagaye shi amma bai sayar ba, bai kuma da niyya. Idan aka ɗora wa gonarsa haraji da farashin fili, an kore shi ke nan ba tare da an ce ya tashi ba. Muddin ana noma ta, gona ta zauna ba haraji, sai ranar da aka yanka ta. Haka ma tsofaffin gidajen ƙauyen da birni ya tarar. Waɗannan mutane ba su kira kowa ba. Kakanninsu sun biya kuɗin ƙasa tun kafin Turawa, sun ga malaman taki suna auna gona da ƙafa a zamanin En'e, kuma har yau akwai dattawan da ke tuna yadda ake shanya mutum a rana a ƙofar gidan dagaci kan haraji, kafin gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali bayan ta hau mulki a 1979. Duk ɗan siyasar da ya je Kunya ko Jahun ko Ringim da maganar sabon haraji ba tare da ya fara nuna titi ba, ya san abin da zai tarar.

Akwai ƙorafin da za a yi, kuma yana da ƙarfi. Za a ce wannan raba gari gida biyu ne: unguwar masu hali ta biya ta samu kwalta, ta talaka ta zauna cikin taɓo, gwamnati kuma ta samu hujjar zame kafaɗa. A Amurka ma ana wannan suka, cewa mazaunin sabon yanki yana biya sau biyu. Amsar da zan iya bayarwa ita ce a raba aikin tun a doka. Babban titin da ya haɗa unguwa da gari, da babbar magudanar da ke kwashe ruwan unguwanni da dama, da malaman makaranta, nauyin jiha ne da ƙaramar hukuma, kuma kada a bari kuɗin yanki ya shiga wurin. Layukan ciki da ƙananan kwatoci su ne na yanki. Dillalai ma za su ja da baya, tunda filaye bakwai ɗin nan nasu ne a yanzu, kuma suna da bakin magana a kowace mazaɓa. Abin da zai iya jawo su shi ne takarda: filin da ya fito daga irin wannan awo a ba shi shaidar mallaka cikin watanni, da kuɗi kaɗan, domin fili mai takarda a bakin titi mai faɗi ya fi na igiya tsada nesa ba kusa ba, kuma 15 masu tsada na iya fin 22 masu araha.

Jigawa ce ta fi dacewa da gwaji. Gefen Dutse da Haɗeja da Kazaure da Gumel har yanzu akwai gonakin da igiya ba ta taɓa ba, kuma ambaliyar 2022 ta nuna wa jihar abin da gini a kan hanyar ruwa ke jawowa. A Kano kuwa, a yankuna da yawa na Kumbotso da Ungogo an riga an makara, abin da ya rage shi ne gyara mai tsada da rusau. Inda sauran dama take shi ne zobe na gaba, Tofa da Rimin Gado da Minjibir da Warawa da Kura, kuma ko a can, gonar da ke bakin kwalta tuni dillali ya san mai ita.